Tokar Bautista Iturbelza

Tandil, Ajantina, Afrilu 1971

Zuwa ga iyalin Iturbelza na ƙauyen Urdalaz, Sifaniya,

Ina gaishe ku baki ɗaya, babba da yaro, ko da yake ban san sunan mutum ɗaya a cikinku ba. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da dabbobinku. Mu ma lafiya, in ban da ciwon gwiwa da ya matsa wa maigidana Osvaldo, da kuma rashin da aka yi mana.

Ni ce Nélida, 'yar Bautista, wanda ya bar gidanku yana ɗan shekara goma sha bakwai ya hau jirgin ruwa. Ya rasu watan jiya. Tatsar shanu ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa samun komawa gida ba, ko lokacin da mahaifiyarsa Micaela ta rasu. Da ciwo ya yi tsanani ya kama hannuna ya ce, "Ki mayar da ni kusa da Inna. Kada ki bar ni cikin Italiyawan nan." Osvaldo na tsaye a wurin, shi kuwa Ba'italiye ne.

Na yi masa alkawari. Tunda ba zan iya ƙetare teku da akwatin gawa ba, mun sa an ƙona gawar, coci ma ta yarda da haka yanzu. Tokar tana cikin wata 'yar batta a kan kabad, kusa da rediyonsa. Roƙona shi ne ku buɗe masa kabarin gida.

Akwai kuma abin da ke cin raina. Ni kaɗai ya haifa, 'ya'yana maza biyu kuwa sunan ubansu suke amsawa. Baba ya shekara hamsin yana tare duk ɗan ƙasarku da ya sauka a nan yana tambaya, har waɗanda suka biyo ta Chile da Uruguay, bai taɓa cin karo da mai sunanmu ba. Yakan ce sunan 'yan sarauta ne, shi ya sa ba shi da yawa. Har wani allo ya sayo a Buenos Aires mai hoton zaki da hasumiya, mai sayarwar ya ce masa ma'anar sunan baƙin zaki. Don Allah ku faɗa mini, akwai saura a can? Ko daga kaina sunan zai mutu?

Taku,
Nélida Iturbelza

Urdalaz, Mayu 1971

'Yata Nélida,

Gaisuwa gare ki da maigidanki da yara, da gaisuwar rashi. Ni lafiyata ƙalau, sai ido da ya fara yi mini gardama wajen zura allura. Ki ce wa Ba'italiyenki ya riƙa ɗaura ganyen kabeji mai ɗumi a gwiwar.

Ni ce Graciana. Ubana da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya suke, a gida ɗaya muka tashi da Bautista, don haka gwaggonki ce ni ko kin so ko kin ƙi. Uwargidan Iturbelza ce ta aiko mini da takardarki, tunda a garin nan ni kaɗai na rage da na san shi.

Kun ƙona shi? Na karanta wurin nan, na tashi na sha ruwa, na dawo na tarar yana nan yadda na bar shi. Bautista mai manyan kunnuwa, da yake goya ni ya ƙetare rafi, yau shi ne a batta kamar taba? Na tafi wurin Fada, limamin cocinmu, a guje, ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Graciana, Roma ta yarda." Na ce, "Roma ta yarda. Micaela fa, ta yarda?" Na yi kuka, 'yar nan, ba zan ɓoye miki ba.

Zaki kuma! A Urdalaz ko kyanwar kirki ba mu da ita. Mai allon nan ya raina wa babanki hankali. Ma'anar Iturbelza baƙin marmaro. Yana nan bayan turken shanu, ruwa ne ke fitowa daga ƙarƙashin wani baƙin dutse, sanyinsa har cikin haƙori, a nan muke wanke tulunan madara. Gida ɗaya ne tak mai wannan suna a kwarinmu da na bayansa, shi ya sa babanki ya yi ta tambaya a banza.

Batun mutuwar suna kuwa ki cire shi daga ranki. Iturbelza sun cika gida fal, yara kamar 'yan tsaki, na ƙarshen ma bana aka yi masa baftisma. Ran Lahadi in sun gangaro coci sai an ba su hanya.

Maganar kabari ce ba ta hannuna. Sai abin da Remedios, uwargidan Iturbelza, ta ce, ni kuwa ba ma doguwar magana da ita. Ki ba ni lokaci. In za ki rubuto, ki sa Graciana ta Bordaberri a bayan ambulan. Gidan da na yi aure ke nan, da shi aka san ni.

Gwaggonki,
Graciana

Tandil, Yuni 1971

Gwaggo Graciana,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata idon ya yi sauƙi. Mu sanyi ya shigo mana. Osvaldo ya ɗaura kabejin, gwiwa na nan yadda take, gida kuwa ya ɗauki wari, amma ya ce a gode miki.

Ki yafe mana maganar ƙonawa. Ba don mun raina shi ba ne, don ya iya tahowa ne.

Gwaggo, a tsaye na fara karanta takardarki a shagonmu na cuku, sai ga ni zaune a kan buhu ina hawaye. Wata mai saye ta ce, "Nélida, wa kuma ya mutu?" Na ce, "Ba mutuwa ba ce, haihuwa aka yi mini!" Yara kamar 'yan tsaki! Da na koma gida na sauko da battar na faɗa wa Baba. Da ma ya ji wannan da kunnensa. Allon zakin na cire shi, ko da yake ya bar tabo a bango.

Na aika wa yaran rigunan sanyi na ulu, kai tsaye zuwa gidan. Ban san girmansu ba, sai na haɗa manya da ƙanana. Ki rubuto mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne ya ɗauko kunnuwan Baba? Ita Remedios matar wa ce, ta ɗan wansa? Me ya haɗa ku? In faɗan 'yan uwa ne, ki bari in na zo in zaunar da ku. Na riga na yanki tikiti, a watan Nuwamba zan taho da shi.

'Yarki,
Nélida

Urdalaz, Yuli 1971

'Yata Nélida,

Ina amsawa, ina gaishe ku. Mun fara yankan ciyawa, bayana ya ce bai san zancen ba.

Yarinya, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Da na kai maganar kunnuwa sai da takardar ta suɓuce daga hannuna. Ashe shekara hamsin babanki bai taɓa gaya miki yadda suna yake a wurinmu ba? Ya tsaya sayen zaki!

Yaran nan ba jininki ba ne, ko ɗigo. Ɗan wan babanki, wanda aka bar wa gidan, ya sayar da shi shekara goma sha uku da suka wuce, ya tafi birni aikin masana'anta, can ya mutu bai bar ɗa ba. Waɗanda suka saya mutanen kudu ne, daga Extremadura, ko yarenmu ba ɗaya ba, mijin a injin katako yake aiki. A takardar gwamnati sunansu Barroso. Amma wa ke kiran mutum da takardar gwamnati? Wanda ya kwana ƙarƙashin rufin nan, ya hura wuta a murhun nan, shi ne Iturbelza. Sunan na gida ne. Ni da aka haifa a ɗakin sama, ranar da na yi aure na bar shi a bakin ƙofa. In kin tsaya a dandali kin ƙwala kiran Iturbelza ba zan waiga ba, Remedios ce za ta waiga.

Kada ma ki ɗaga hanci. Kakan kakanmu mai kora alfadarai ne da ya zo wucewa, ya auri 'yar gidan, ya zauna. Sunan da ya zo da shi ba wanda ya riƙe.

To kabari ma gida yake bi, haka gurbin gida a cikin coci. Duk Lahadi Remedios ce ke durƙusawa inda Micaela take durƙusawa, ita ke kunna kyandir ɗin kakin zuma saboda matattun gidan, waɗanda ba ta taɓa gani ba. Ni ina can gurbin Bordaberri ina kunna wa surukaina, da ba su taɓa ƙaunata ba. Haka muka taso muka gani, ban taɓa jin abin yana da ban mamaki ba sai yau da na zo rubuta miki.

Saura magana ɗaya, gara ki ji daga bakina. Shekararsu ta biyu a gidan ɗansu ya mutu, ko tafiya bai fara ba. A kabarin gida aka sa shi. An ɗora ɗan akwatinsa a kan na Micaela, don nan ne kawai ke da wuri.

Ba faɗa muka yi da ita ba. Ban dai sake taka gidan ba tun ranar da na ga an fito da gadon Micaela an ɗora a mota. In mun haɗu ina ɗaga mata haɓa, ta ɗaga mini. Yanzu kin ja mini sai na hau tudun nan na roƙi baƙuwa a ƙofar gidan da aka haife ni. Ki bari a gama ciyawa.

Gwaggonki,
Graciana

Tandil, Agusta 1971

Gwaggo,

Lafiya muke. Ki yi haƙuri, ba zan iya doguwar gaisuwa ba yau.

Watau mutane sun sayi bango da rufi, sai aka ba su sunanmu gyara? Sunan da Baba ya riƙe shi kaɗai a wata ƙasa, yana buga ƙirji da shi a gaban masu yi masa dariya, ashe a can har da shi aka yi cinikin gida kamar tukunya da tsani? Na tsaya a shago na ce wa mutane haihuwa aka yi mini! Na faɗa wa Baba ƙarya a cikin battarsa!

Duk wannan da sauƙi. Ɗan baƙi a kan ƙirjin kakata, ɗan da ta haifa da cikinta kuwa sai an je an roƙa masa wuri? Ba ki hau tudun kowa ba, Gwaggo, ba kuma za ki roƙi kowa ba. 'Yan ci-rani ne da suka kwana a gadon da ba nasu ba. Su kwashe ɗansu su kai shi ƙasarsu, su bar mana matattunmu. In sun ƙi, akwai lauyoyi a Sifaniya, zan sayar da shagon in ta kama.

Bordaberrin nan ma ban yarda da shi ba. A bayan ambulan na rubuta: Ga Iturbelza ta gaskiya, Urdalaz. Ke ce ita, ko garin ya sani ko bai sani ba.

Nélida

Urdalaz, Satumba 1971

Nélida,

Ina raye. Gaisuwar ke nan.

Ga Iturbelza ta gaskiya! Ceferino mai raba wasiƙu tun yana saurayi yake hawa tudun nan da keke, ina kike tsammani zai kai takardar? Ina nan ina jira, ina cewa yarinyar nan ta yi fushi ta ɗauke mini wuta, ashe takardarki tana can kan teburinsu. Remedios ba ta iya karatu sosai ba, babbar 'yarta ce ta karanta da ƙarfi suna cin abinci, uban yana zaune, yara suna zaune. An ce da ta kai wurin maganar jaririn nan sai ta dakata, uwar ta ce, "Ci gaba, ai ba ki gama ba."

Ran Lahadi muna fitowa daga coci ta tare ni a bakin ƙofa da kwando, mata duk suna tsaye. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Inna Graciana, wannan taki ce, ta yi ɓatan kai." Sannan ta ajiye kwandon a gabana ta ce, "Waɗannan ma ashe ba namu ba ne." Rigunanki ne, an wanke an ninke. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini.

Tana juya baya maƙwabciyata Polonia ta ce, "Graciana, yaushe lauyan 'yarku ta Ajantina zai iso? Mu sani, mu tsare namu jariran." Aka kwashe da dariya. Tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

'Yan ci-rani! Babanki me ya je yi Ajantina, sarauta? A gadon wa ya kwana ranar da ya sauka? Ni ma ba sonta nake yi ba, kin sani, amma a garin nan ko mahaukaci bai taɓa cewa a tono jariri ba. Lauya kuwa ki ajiye kuɗinki, ba mai ɗaga dutsen kabarin nan sai mutanen gidan, su da maƙwabcinsu na fari, wato na gida mafi kusa da su.

Da ma saura kaɗan in hau tudun. Yanzu ban ga fuskar da zan hau da ita ba.

Graciana

Tandil, ƙarshen Satumba 1971

Gwaggo Graciana,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Jiki lafiya, sauran kuwa ba a cewa komai.

Na ba Osvaldo takardarki ya karanta. Ya cire tabarau ya ce, "Nélida, jariri kika ce a tono?" Allah ya sani, Gwaggo, sai a bakinsa na ji abin da na rubuta. Ni da na yi goyo biyu. Na shiga ɗaki na rufe, na kasa kallon kabad ɗin.

Da hannuna na karya alkawarin Baba, ba wanda ya taya ni. Kada ki hau tudun, na ja miki abin kunya ya isa haka. Zan mayar da tikitin. Osvaldo ya ce akwai wuri a kabarin danginsa, ya ce, "Shekara ashirin yana zaginmu yana cin taliyarmu, zai saba." Can zan sa shi, cikin Italiyawan da ya ce kada in bar shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya mini sunan yaron, in sa a yi masa addu'a a cocinmu. Na yi magana a kansa ko sunansa ban tambaya ba.

'Yarki, in har yanzu kina so,
Nélida

Urdalaz, Oktoba 1971

'Yata Nélida,

Ina gaishe ku duka, har da Ba'italiyen, wanda na ga ya fi ki hankali. Ni lafiya, sai ƙafafu da suka kumbura, kuma ke kika ja.

Kin ce kada in hau tudun, ni kuwa tunda nake ba a taɓa hana ni abu na fasa ba. Na hau. Na ɗauki kwandon rigunan na kama hanya, ina tafe ina hutawa, Polonia tana leƙe ta taga. Da na iso ƙofar na tsaya kamar wata mai talla, ban san ko in ƙwanƙwasa ba ko in shiga. Sai na zagaya baya, nan na daskare. Amyoyin ƙudan zuma suna jere inda suke tun muna yara, kowace da baƙin ƙyalle a ɗaure, har ruwan sama ya fara cin kalarsa.

Remedios tana bakin marmaro tana wanke tuluna. Ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Wa ya mutu muku?"

Ta ce, "Bautista mana. Tun Afrilu, ranar da takardar farko ta zo. Na ƙwanƙwasa wa ƙudan zuman na ce ɗan gida ya mutu a ƙetaren teku, su ƙara kakin kyandir. Ba haka kuke yi ba?"

Haka muke yi. Na ce, "Bayan abin da yarinyar nan ta rubuta, ba ki kwance ba?"

Ta ce, "Ƙudan zuma ba su iya karatu ba, Inna."

Na rasa inda zan sa idona. Na fara jero maganar da na shirya tun daga ƙasan tudu, ta katse ni. Ta ce, "Ita ban yafe mata ba tukuna, kada ki rubuta mata cewa na yafe. Amma ki ji. Ranar da muka sa Andresito ba mu san kowa a garin nan ba, ko yarenku ba na ji. Na so in bi shi cikin ramin. Wata tsohuwa ta kama ni ta nuna akwatin da ke ƙasa, ta yi mini nuni da hannu kamar mai jijjiga yaro. Na gane tana cewa wadda ke ciki uwa ce, ta iya raino. Da wannan na iya tafiya gida." Ta share hannu a zani. "Shekara goma sha ɗaya Micaela tana riƙe mini nawa. Yanzu nata ya dawo, in ce mata ba wuri? Su matsa wa juna."

Ga sunan da kika tambaya. Ni dai a kan baƙin dutsen nan na zauna, na yi ta kuka a gaban matar da na shekara goma sha uku ina ɗaga wa haɓa. Ta ɗebo mini ruwa. Har yanzu yana kama haƙori.

Amma da sharaɗi. Ta ce ba za a sauke shi daga mota a wuce da shi maƙabarta kamar kayan aike ba. Sai ya kwana a gidan, a ɗakin sama, da kyandir a kansa. Da safe ya fita ta babbar ƙofa, maƙwabci na fari yana gaba da gicciye, a bi hanyar gawa ta gidan har maƙabarta. Ita za ta bi bayansa a matsayin uwargida, ke kuma ki bi bayanta. Kwandon ma ta ƙi karɓa, ta ce ki zo ki ba yaran da hannunki, ki kalli idonsu.

Ina gangarowa na ji ta ƙwala wa mijinta kira, "Ka nemo ƙarfen ɗaga dutse, ɗan gida zai dawo!"

In kin riga kin mayar da tikitin, ki koma ki karɓo. Ki zo da takalma masu ƙwari, hanyar gawa laka ce a Nuwamba. Battar kuma ki naɗe ta a rigar ulu, tun yana yaro ba ya jure sanyi. Ki kawo shi gida.

Gwaggonki,
Graciana ta Bordaberri